Shuka aya a lambun bayan gida: za ta zauna lafiya da kayan miya kuwa?

Maman Khalifa, Zariya:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san noman aya. Ina da ɗan lambu a bayan gida wanda bai wuce taku 12 a tsawo da taku 8 a faɗi ba, inda nake shuka alayyahu da yakuwa da tumatir da ɗan attaruhu. Bana ina so in ware wani ɓangare in shuka aya, saboda muna yawan yin kunun aya a gida, kuma ina son yara su ga yadda take fitowa, domin har yau autarsu tana zaton a bishiya ake tsinko ta.

Abin da ya tsayar da ni shi ne gargaɗin da wata maƙwabciyata ta yi mini, cewa aya da aya-aya uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, kuma duk wanda ya shigar da ita lambunsa ya gama noman kayan miya a wurin, domin ba ta mutuwa, kowace damina sai ta dawo. Wani kuma ya ce mini ai wannan rashin mutuwar shi ne amfaninta, wai shuka ɗaya ake yi, daga nan sai dai a riƙa tono ana ci shekara da shekaru. To wanne ne gaskiya? Sannan busasshiyar ayar da muke saya a kasuwa za ta iya tsirowa, ko akwai iri na musamman? A wane wata ya kamata in shuka? Ƙasarmu ja ce mai danƙo, tana riƙe ruwa sosai idan marka ta zauna. Na gode.

Manomin Aya, Agye (jihar Maraɗi):

Wa alaikumus salam, Hajiya. Aya sana'armu ce a nan, tun daga Agye da Gazawa har ƙasar Madarunfa, kuma mai yiwuwa wani kaso na ayar da kike saya a Zariya daga wajenmu ya fito, domin motoci na ɗaukar ta zuwa Jibiya da Katsina da Kano.

Maganar iri ba ta da wuya. Ƙwayar da kike ci ita ce irin, ba mu da wani daban. Sharaɗin kawai shi ne ta zama busasshiya wadda ba ta taɓa wuta ba, kuma ta kakar da ta wuce, domin wadda ta shekara biyu a buhu tsirowarta kan yi rauni. Ki zaɓi manya masu nauyi waɗanda ƙwaro bai huda ba. Kafin ki wahalar da kanki, ki ɗebi kamar ƙwaya 20 ki jiƙa su kwana ɗaya zuwa biyu kina sauya ruwan, sannan ki naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma ki ajiye a wuri mai ɗumi, kina yayyafa ruwa kada ya bushe. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za ki ga farin tsiro ya fito a bakin ƙwayar, wajen da ya ɗan yi tsini. Idan fiye da rabi sun tsiro, irin ya yi. Idan ba haka ba, ki sauya mai sayarwa. Akwai babbar aya da ƙaramar aya; ƙaramar ta fi zaƙi a bakina, amma tattara ta daga ƙasa aiki ne ja, don haka a ɗan lambu babbar za ta fi miki sauƙi.

Ƙasarku ce ta fi ba ni tunani. Aya 'yar jigawa ce. A ƙasa mai rairayi takan yi 'ya'ya masu kyan siffa, kuma idan aka zo tono ƙasar na zubewa ta rariya ta bar ƙwayar. A ƙasa mai danƙo kuwa 'ya'yan kan fito ƙanana, wasu a murɗe, laka ta manne musu, idan ruwa ya kwanta a gindinsu kwana da kwanaki sai su ruɓe. Saboda haka kada ki shuka a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Ki kawo yashi ki gauraya da ƙasar da ruɓaɓɓen takin dabbobi wanda ya sha iska, ki tayar da kunya mai tudu yadda ruwa zai riƙa gangarewa. Zurfin rami gaɓar yatsa biyu ya isa, ƙwaya ɗaya ko biyu a kowane rami, tsakanin rami da rami kamu ɗaya. Kada ki ga filin kamar ya yi sarari ki ƙara cusawa, domin kowace ƙwaya za ta yi ta fitar da sababbin tsirrai a gefenta har wurin ya rufe ruf.

Mu a nan mukan shuka bayan mun gama shukar gero, daga ƙarshen Yuni zuwa cikin Yuli, kuma tana ɗaukar wata uku zuwa huɗu. Noman farko shi ne mai muhimmanci, domin a makonnin farko ganyenta siriri ne, ciyawa na iya danne ta. Da zarar ta rufe ƙasa ba ta buƙatar fartanya, asali ma fartanya ɓarna take yi mata a lokacin, tana yanke saiwoyin da za su ɗauki 'ya'ya, sai dai a riƙa cire ciyawa da hannu. Alamar nuna ita ce ganyen ya yi ɗorawa, ya bushe, ya kwanta. A gona mukan cinna wa busasshen ganyen wuta, sannan a fasa ƙasar, a tara, a rairaye da rariya, a sheƙe. Wanda bai taɓa tsayawa a gonar aya lokacin rairaya ba bai san ƙura ba.

Shi kuma wanda ya ce miki shuka ɗaya ake yi, ba manomin aya ba ne. Gaskiya ne abin da ya rage a ƙasa zai tsiro baɗi, amma babu manomin da ke dogara da gyauro. Gyauron aya kan fito a cunkushe, ganye ya yi yawa, 'ya'ya su ƙanƙance, kuma kafin damina ta zagayo ɓera da gafiya da kurege sun yi rabonsu. Kowace shekara muna kwashe ta duka, mu ware iri, mu sake shuka.

Malamin Gona, Funtuwa:

Malam ya yi bayanin aiki kamar yadda ya kamata, ni zan tsaya ne kan tsoron da maƙwabciyarki ta sa miki, domin maganarta tana da tushe, sai dai ta haɗa abu biyu da ya kamata a raba.

Aya da aya-aya dangi ɗaya ne. A wajen masana tsirrai sunan aya Cyperus esculentus, na aya-aya kuma Cyperus rotundus, kuma kajijin da mata ke sa wa turaren wuta shi ma ɗan gidan ne. Duk da kamarsu da ciyawa, ba a gidan gero da dawa da harkiya suke ba. Idan kika kama karan aya ko na aya-aya kika murza tsakanin yatsu za ki ji yana da kusurwa uku, ganyen ma ta ɓangare uku yake fita, alhali karan ciyawa zagayayye ne mai gaɓoɓi. Wannan bambancin yana da amfani a aikace, domin shi ya sa da yawa daga magungunan da ake fesa wa ciyawa ba sa yi musu komai.

Abin da ke sa su daɗe shi ne yadda suke rayuwa a ƙarƙashin ƙasa. Ganyen yana mutuwa da rani, amma ƙwayar tana nan da ranta, tana ɗauke da idanu da yawa, kuma ba duka suke tsirowa a lokaci ɗaya ba. Idan aka cire tsiron farko, wani idon sai ya farka. Daga gindin kowane tsiro saiwoyi farare kan fita su yi tafiya a kwance. Wasu su ɗago su zama sabon tsiro, wasu su kumbura a ƙarshensu su zama ƙwayar aya. A nan ne bambancin yake. Ita aya ƙwaya ɗaya take yi a ƙarshen kowace saiwa, saiwar kuma mai laushi ce, tana ruɓewa bayan kaka, kuma mafi yawan 'ya'yan ba sa wuce zurfin santimita 15 zuwa 20. Aya-aya kuwa 'ya'yanta a jere suke kamar carbi, wata na riƙe da wata da saiwa mai tauri, baƙaƙe ne masu ɗaci da ƙamshi, kuma idan aka tsinke jerin da fartanya kowace ƙwaya sai ta tashi da kanta. Shi ya sa masana suka daɗe suna sanya aya-aya a sahun gaba na ciyayin da suka fi addabar manoma a duniya. Idan suka yi fure ma ana gane su: na aya ruwan ɗorawa ne, na aya-aya ja ne mai duhu. Ayar da ake nomawa ba ta cika yin fure ba, don haka ba ta iri a iska za ta bazu a lambunki ba, ta ƙarƙashin ƙasa ne kawai.

Ba ina cewa aya ba ta da fitina ba. Nau'inta na daji ciyawa ce da manoman Amurka da Turai ke kuka da ita a gonakin masara da dankalin turawa da albasa, kuma ta noman ma idan aka bar ta a fangalin alayyahu za ta gasa miki aya a hannu shekara biyu ko uku. Amma tunda ba ta nitso sosai, killace ta ba shi da wuya. Ki ware mata fangali nata ita kaɗai, ki kewaye shi da bulo ko tsohon kwanon rufi da aka binne zurfin santimita 30 zuwa 40, bakinsa ya ɗan fito sama. Ki zaɓi inda rana ke duka tun safe har yamma, domin ba ta jure inuwa. Wannan raunin nata ma shi ne makaminki daga baya: idan kin kwashe ta, ki shuka abin da ke rufe ƙasa kamar wake mai yaɗo ko dankali ko kabewa a wurin, gyauron da ya fito a ƙarƙashinsu ba zai yi ƙarfi ba. Duk tsiron da kika gani ki tono shi da ƙwayarsa tun bai kai ganye 5 ko 6 ba, kafin ya fara ajiye sababbin 'ya'ya. Kada ki dogara da juya ƙasa a bazara don rana ta kashe ta. Wannan dabarar tana aiki a kan aya-aya, wadda 'ya'yanta ke mutuwa idan sun bushe, amma ita aya ai busasshiyarta ce ma kike shirin shukawa.

Akwai wata ƙofa da aya-aya ke shiga lambu wadda mutane ba sa lura da ita, wato yashi da takin da ake kawowa daga waje. Tunda an ba ki shawarar ƙara yashi, ki rairaye shi kafin ki zuba, musamman idan daga bakin rafi ko fadama aka ɗebo shi.

Game da lokaci, ruwan Zariya ya kusa ninka na Maraɗi, kuma yakan kai farkon Oktoba. Idan kika yi saurin shuka a ruwan farko na Mayu, ayarki za ta nuna a tsakiyar ruwa, ga ƙasa jagab, tono ya gagara, wasu 'ya'yan su sake tsirowa tun suna ƙasa. Ki jira ƙarshen Yuni ko farkon Yuli domin nunarta ta dace da ɗaukewar ruwa. Wannan ya kuma yi daidai da ɗabi'arta, domin lokacin da yini ke da tsawo ganye take yi, sai yini ya fara gajarta take mayar da ƙarfinta ga 'ya'ya. Taki kuma ki yi hattara da yuriya, yawanta ganye yake ƙarawa. Abin da aya ta fi ja daga ƙasa shi ne sinadarin da ke cikin toka, don haka tokar murhu da aka barbaɗa kaɗan aka gauraya da ƙasa kafin shuka za ta amfane ta.

Inda na saɓa da Malam shi ne ƙona ganye. Na san manoman yankin Balansiya na ƙasar Sifaniya, waɗanda suka shahara da noman aya da abin shan da suke yi da ita mai kama da kununmu, su ma sun daɗe suna ƙona ganyen kafin tono, kuma a babbar gona ana iya fahimtar dalilin. Amma wuta da rairaya suna barin ƙasa tsirara a daidai lokacin da iskar hunturu ke tasowa. A lambun gida babu dalilin yin haka.

Hajiya Mai Lambu, Kano:

'Yar'uwa, ni shawarata ita ce kada ki sa ta a ƙasa ko kaɗan, ki shuka a buhu. Gidana duk siminti ne, a haka nake noman ta, kuma duk wannan maganar killacewa da binne kwano ba ta taso mini ba. Buhun shinkafa ko na taki wanda aka wanke ake samu, a naɗe bakinsa zuwa rabi, a huda gindinsa wuri da yawa, a cika da yashi kashi biyu, ƙasa kashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Ƙwaya huɗu ko biyar ta ishi buhu ɗaya. A ɗora buhun a kan bulo, domin ruwa ya samu hanyar fita kuma gara ba ta samu hanyar shiga ba. Matsalar buhu ɗaya ce, yana saurin bushewa, don haka idan ruwan sama ya yi kwana biyu ko uku bai sauka ba sai an ba ta da hannu. Rana kuma tana cin buhun, wani lokaci kafin kaka gefensa ya fara zarewa, sai a saka shi cikin wani. Idan ganye ya fara ɗorawa sai a janye ruwa gaba ɗaya, a bar ƙasar ta bushe mako biyu.

Ranar kwashewa shimfiɗa tabarma ko leda kawai ake yi, a zazzage buhun. Za ki kama tushen ki ɗaga, ki ga 'ya'yan suna reto a jikin saiwoyi, wasu sun yi ja sun yi tauri, wasu farare ne ba su gama nuna ba. Fararen ki ba yara su ci a ranar, suna da ruwa da garɗi amma ba sa ajiyuwa. Sauran ƙasar a tankaɗe ta da kwando mai ƙananan ido, kuma ko bayan an tankaɗe kada a zuba ta a fangalin kayan miya, a mayar da ita buhu.

Sai dai in gaya miki gaskiya kan yawan amfanin, kada ki sa rai za ki daina zuwa kasuwa. A wajena buhu ɗaya gwangwanin madara ɗaya yake ba ni, idan shekara ta yi kyau ya kai biyu. Kafin ki tara mudu sai kin jera buhu wajen goma. Ribar tana wajen ɗanɗano, domin sabuwar aya da aka tono aka wanke ba ɗaya take da wadda ake sayarwa a baro da sunan ɗanya ba, wadda sau da yawa busasshiya ce aka sake jiƙawa, kuma ba ki san da wane ruwa ba.

Wajen shanya ne mutane ke asara. Bayan an wanke ta tas an tsince tsakuwa, a baza ta a faranti ko tabarma ba a tare ba, a riƙa juyawa safe da yamma, a shigar da ita ɗaki da dare saboda raɓa. Kada a ɗaure ta a leda sai fatarta ta yamutse, kuma idan aka girgiza ta a hannu ana jin ƙararta. Wadda aka ɗaure da sauran danshi fumfuna take yi, kuma ayar da ta yi fumfuna zubarwa ake yi, wanki ba ya gyara ta. Za ki kuma lura tana ƙara zaƙi bayan ta yi wasu makonni a bushe. Irin baɗi ki zaɓe shi tun a lokacin, ki zuba a kwalba ko gwangwani mai murfi, ki ɗan barbaɗa toka, ki ajiye inda ɓera ba zai kai ba.

Maman Khalifa, Zariya:

Allah ya saka muku da alheri, na fahimta sosai. Zan bi hanyar buhu a bana, in jera su ta gefen katangar da rana ta fi duka, idan na ga yadda take sai in yi tunanin fangali. Saura abu biyu. Tunda muna da rijiya, zan iya shukawa da rani in riƙa ban ruwa? Kuma Malam na Agye, idan ban ƙona ganyen ba, yaya zan yi da shi?

Manomin Aya, Agye (jihar Maraɗi):

Hajiya, ana iya yi da ban ruwa, amma ba cikin sanyi ba. Aya na son zafi, idan kika binne ta a Disamba ko Janairu za ta yi ta kwana a ƙasa ba ta motsa ba, wata ma ta ruɓe. Ki bari sai sanyi ya karye, wajen ƙarshen Fabrairu ko cikin Maris. Amma ki yi lissafi, domin wadda aka shuka a Maris za ta nuna ne a Yuni ko Yuli, ruwa ya riga ya sauka, shanya za ta ba ki wuya. A buhu kina da dabara, kina iya janye su ƙarƙashin rumfa idan ganye ya fara bushewa. Ni dai da za ki ji tawa, ki fara da ta damina.

Maganar wuta kuwa, Malamin Gona bai faɗi ƙarya ba. Mu ma muna ganin yadda gonar aya ke gajiya, shi ya sa ba ma maimaita ta a wuri ɗaya sai mun sa gero ko wake mun zuba taki. Abin da ya sa muke ƙonawa shi ne babu hannun da zai yanke ganyen eka guda, kuma idan yana nan ba ya barin rariya ta yi aiki. Ke da kike da buhu goma, lauje ko wuƙar kicin ta ishe ki. Ki yanke shi ki bar kamar tsawon yatsa a sama, wanda za ki kama ki ɗago tushen da shi. Busasshen ganyen ki shimfiɗa a gindin tumatir ya riƙe miki laima, babu abin da zai tsiro daga jikinsa. Tushen da saiwoyin ne kada ki jefa a ramin taki, domin ba za a rasa ƙananan 'ya'ya maƙale a ciki ba. Ki bar su su bushe ki sa a murhu.